Ruwan Da Kowa Ya Yi Wa Magani

A Bukan Sidi in ka ce a kai ka "gidan ful", ko ɗan acaɓan da ya shigo Lafia jiya ba zai ɓata ba. Masaukin baƙi ne da Alhaji Ya'u ya gina a zamanin da riɗi da agushi ke yi masa biyayya. Ya haƙa kwamin iyo, wato ful, a bayansa, ya shafe shi da shuɗin tayil, don kawai ya taɓa kwana a wani otal a Abuja ya ga irinsa. Shi kansa bai taɓa tsoma ko babban yatsan ƙafa a ciki ba. Mutumin Adogi ne, kuma a wurinsa duk ruwan da ya wuce idon sawu na kifi ne.

Da baƙi suka ɗauke ƙafa sai aka zuba 'yan haya a ɗakunan, iyalin Alhaji suka koma sashen baya, kwamin kuma aka bar wa Allah. Ruwan sama ya cika shi, ganyen mangwaro ya rufe shi, ya yi kore shar kamar miyar kuka. Kwaɗi suka tare a ciki har suka ga jikoki. Shekara da shekaru ba mai zuwa wurin sai wanda ke neman inda zai jefa abin da ya gaji da gani.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Alhaji. Ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarsa, hannun ya yi nauyi. Hankalinsa garau yake, bakinsa ma bai mutu ba, sai dai maganar ta koma fitowa ɗaya-ɗaya, kalma ta fito ta huta kafin 'yar'uwarta ta biyo baya. Mu kuwa mutanen layin nan mutanen kirki ne, ba ma iya kallon mara lafiya yana wahala. Da ya ce, "Ina son..." sai wani ya yi caraf ya ce, "Ruwa! A kawo wa Alhaji ruwa." Ruwan da bawan Allahn nan ya sha ba don ƙishi ba, da a kwamin aka zuba da ya kai rabi. Abin da yake son faɗa kuwa ɗaya ne. Yana son ya taka da ƙafarsa zuwa masallacin bakin layi, inda ya tsufa a sahun farko. Kullum yana zaune a kujera ƙarƙashin mangwaro, kiran salla yana wucewa ta kansa, yana jin takun sa'o'insa a bayan katanga. Wannan ya fi ciwon cin ransa.

'Yan dubiya kuwa ba a magana, kowa da maganinsa a aljihu. Wannan man jimina, wancan tafarnuwa da zuma, wani kuma saiwar da kakansa ya gado a Arikya. Matarsa Hajiya Sabuwa ba ta mayar da hannun kyauta baya. Duk abin da aka kawo sai ya shiga cikin Alhaji ko ya hau jikinsa. Likita kuwa ba a gaya masa. Wa ya taɓa gaya wa likita yana haɗawa da na gargajiya? Ai rashin ta-ido ne, kamar ka ce masa bai iya aikinsa ba.

Mai zuwa yi masa gashin ƙafa wata ma'aikaciyar asibiti ce, Winifred, gajeruwa mai faɗa, wadda ba ta iya rufa-rufa ba. Wata rana ta gama murza ƙafar, ta miƙe tana share gumi, idonta ya faɗa kan kwamin.

"Baba, wannan ful naka ne?"

Alhaji ya gyaɗa kai.

"Kai! Kana da magani a bayan gida, ka bar ma kwaɗi? Cikin ruwa jiki ba ya nauyi, Baba. Ƙafa da ya ƙi ɗauke ka a ƙasa, a ruwa zai ɗauke ka. Daga nan zai koya tafiya kuma. Amma ba wannan ruwa ba o. Wannan ko kare na ba zai shiga ba. Sai na tsaya a sama na ga tayil na ƙasa."

Babban ɗan Alhaji, Abdulbaƙi, yana tsaye ya ji. Shi tuni ya gama shirinsa a kan wurin: a cike shi da jar ƙasa, a jera shaguna a kai, a huta da sauro. Har ya yi magana da direban tifa. Ba mugun ɗa ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa.

"Sista, mutumin da bai shiga ruwa da lafiyarsa ba, sai yanzu za a tsoma shi? A bar maganar nan."

Sai Alhaji ya daki hannun kujera da hannunsa mai lafiya. "A... gyara."

Maganar gajeriya ce, shi ya sa ya samu ya kai ƙarshenta kafin a taimaka masa. Abdulbaƙi ya sunkuyar da kai. Ya ce to, a gwada, amma in ruwan farko ya kusa sauka ba a gama ba, tifa za ta zo, don in damina ta kankama babbar mota ba ta iya shiga layin saboda ramuka da taɓo. Lokacin kuwa tsakiyar bazara ce, mangwaro ya nuna, zafi kamar ya tsaga kai.

Winifred ce ta kawo Torkula, ɗan cocinsu, dogo mai babbar murya, wanda ya yi aikin kwamin iyo a otal-otal na Abuja da Makurdi kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan. Ya iso da ƙaramin akwati kamar likita, ya zagaya kwamin hannu a baya, ya ce a riƙa kiransa Injiniya.

"Mama, kar ki damu," ya ce wa Hajiya. "Na gyara wanda ya fi wannan wari. Ruwa yana jin magana na."

Gaskiya a faɗe ta, mutumin ya iya aiki. Ya kawo injin ban-ruwa ya zuƙe kwamin tas. Kwaɗin da aka tasa ba sanarwa suka bazu cikin ɗakunan 'yan haya, wani malamin makaranta ya zura ƙafa a takalmi ya kurma ihun da aka ji a bakin titi. A ƙasan kwamin aka tsinci tukunya, da kan keken ɗinki, da takalma marasa 'yan'uwa, da wata ƙatuwar tarwaɗa da ba wanda ya san ta inda ta shigo. Ranar 'yan haya suka sha farfesu, suka yafe wa kwaɗi.

Aka goge tayil da buroshi har shuɗinsa ya dawo, sannan aka shiga ɗakin inji. Famfon da ke jan ruwa ya ƙame, ɓeraye sun yi gida a gefensa sun cinye waya. Kusa da shi akwai matata, wani tanki mai ƙirar randa cike da yashi. Ruwa yakan shiga ta sama da dattinsa, ya tsiyaye ta cikin yashin, ya fito ta ƙasa garau ya koma kwami. Da Torkula ya buɗe murfin sai ya tarar yashin ya daskare kamar siminti, sai da guduma ta shiga maganar.

Abdulbaƙi ya ce akwai yashi a wurin gininsa, a je a ɗebo. Torkula ya kama kai.

"Oga, ba bulo za mu buga ba. Yashi na filta daban ne. An wanke shi, an tankaɗe shi, duka girma ɗaya."

Aka aiko da shi daga Abuja a motar haya. Ya zuba, ya canja robobin da suka tsage, ya gyara wayar famfo, aka kira tankokin ruwa suka cika kwamin. Da ya danna makunni famfon ya yi tari, ya yi gurnani, sannan ya kama. Alhaji ya yi murmushi da rabin bakinsa mai aiki.

Nan ne Torkula ya yi kuskurensa, kuma son a sani ne ya jawo masa. Maimakon ya yi gwajinsa shiru, sai ya tara gida kaf. Ya buɗe akwatin, ya fito da 'yar kwalba, ya ɗebi ruwan kwamin, ya ɗiga wani magani, ya girgiza, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Ruwan ya koma rawaya.

"Kun gani? Ruwa ya yi tsami. Ruwa yana da gefe biyu, gefe na tsami da gefe na kanwa. In kwalba ya yi yalo, tsami ne. In ya yi ja kamar zoɓo, kanwa ya yi yawa. Dole ya zauna a tsakiya. In bai zauna ba, kulorin da ke kashe cuta ba zai yi aiki ba, ido zai yi zafi, ruwa ba zai washe ba."

Ya auna wani farin gari a ƙaramin gwangwani, ya dama a bokiti, ya zagaya yana zubawa. Ya ce a bar famfo ya yi ta aiki, in an ɗauke wuta a tada janareta, gobe a ga ikon Allah. Da la'asar ya hau babur ya tafi.

Hajiya Sabuwa ta tsaya tana kallon kwamin, tana kallon gwangwanin. Mace ce da ta yi furfura tana kashe tsamin yakuwa. Tsami? A kan tsami ne aka ɗauko injiniya? Kuma ɗan garin nan da bai isa miyar gidan suna ba, shi zai gyara ruwan da ya fi ɗakinta girma? Ta shiga madafa, ta daka jar kanwa, ta jiƙa a baho, ta kinkimo.

"Sabuwa..." in ji Alhaji daga ƙarƙashin mangwaro. "Kar..."

"Kar in gaji? Haba Alhaji, a kan lafiyarka ina ni ina gajiya."

Ta juye bahon, ta ɗauraye shi a ciki don kada albarkar ta rage.

Washegari ruwan ya tashi fari kamar koko. Torkula ya ɗiga maganinsa, kwalba ta yi jawur. Ya kalle ta, ya kalli ruwan, ya zubar ya sake gwadawa. Ya ce lallai mai shagon da ya sayar masa da garin ya ba shi mai ƙarfi. "Kanwa ya yi yawa," ya sanar da babbar murya, don shi bai iya tunani a zuci ba. Ya ɗiga asid kaɗan-kaɗan, ya juya hannun matata ruwa ya bi ta baya ya wanke yashin, farin ruwa ya yi ta kwarara a kwata. Hajiya tana zaune tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Wadda ta ɗago kai ita ce Gwaggo Rabi'a, ƙanwar Alhaji da ke aure a Keana, wadda ta zo taya jinya. Ita ma ba yau ta fara girki ba. In kanwa ta zarce, ai tsamiya ake nema. Da Torkula ya tafi ta jiƙa duk tsamiyar da ke gidan, ta aika maƙwabta aka ƙaro. Mace ce mai tsabta. Sai da ta tace da rariya, ta sake tacewa da ƙyalle, don kada ko ƙwallo ɗaya ya shiga ya ɓata wa ɗan mutane inji. Tana cikin zubawa ta hango wasu kwaɗi sun dawo duba tsohon gidansu, sai ta koma ɗaki ta ɗauko gishirin da ta zo da shi tsaraba.

"Rabi... wannan..."

"Na Keana ne, Yaya, na gaske, ba irin na leda ba. Kwaɗo ba ya shiri da shi."

Da safe ruwan ya zama kalar shayi, ƙudaje suna shawagi a kansa, kwalba kuma ta koma rawaya.

Daga nan labari ya zagaya layi cewa kwamin Alhaji ba shi da lafiya, 'yan dubiya suka samu majinyaci na biyu. Mutum zai gaida Alhaji, ya yi masa ya jiki, sannan ya taka bakin kwamin, ya girgiza kai ya ce, "Ayya, ai haka rijiyar ƙanin matata ta yi." Ɗan garuwa ya kawo alif, don da shi yake kwantar da dattin ruwan rafi. Matar malamin makaranta ta daka 'ya'yan zogale. Wani dattijo ya jefa gawayi ƙunshe a tsumma. Duk da zuciya ɗaya aka yi, kuma duk sai an tabbatar babur ɗin Injiniya ya sha kwana, don kada ya ji an raina masa ilimi. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma wanda ya faɗa bai ga kwamin nan ba. Alhaji yana zaune yana gani, in ya buɗe baki sai a tare shi: "Ba komai Alhaji, ai yi wa kai ne."

Torkula ya fara ramewa. Kullum kwalbarsa da sabon launi. Yashin Abuja ya toshe da wani abu mai yauƙi, ya kwashe, ya wanke, ya mayar, ya sake toshewa. Ya zargi mai shago, ya zargi masu tanka, ya zargi bohol ɗin da aka ɗebo ruwan. Ya daina ambaton Abuja gaba ɗaya. Abin haushi, waɗanda suka yi ɓarnar su ne kan gaba wajen jajanta masa. Hajiya takan aiko masa da tuwo da man shanu, ta biyo da kanta ta ce, "Sannu Injiniya, ka yi haƙuri, kai ma kana iya ƙoƙarinka." A ranta kuwa tana mamakin yadda ruwan zai kasance da ba ta taimaka ba.

Winifred takan zo ta leƙa, ta ce, "Ban ga tayil ba," ta koma kan ƙafar Alhaji. A gabas kuma hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa, iska tana kawo ƙamshin ruwan da aka yi a wani gari.

Har Abdulbaƙi, mai tifa a zuci, abin ya taɓa shi. Ya ga yadda uban ke kafa wa ruwan ido tun safe kamar mai jiran baƙo a tasha, tausayi ya kama shi. Wata yamma ya daɗe tsaye a bakin kwamin, ya ciro waya ya duba hotunan na manyan otal. Duk shuɗi ne ruwansu. Nasu kuwa kalar ruwan wanke-wanke. Ya fita, ya dawo da kwalin bula, irin wadda ake sa wa fararen kaya, ya yi ta farke ƙullin yana zazzagewa.

"Abdul..."

"Na sani, Baba. Ba sai ka gode ba."

Washegari Winifred ta tsoma hannu ta ciro shi kamar ta fito daga marina. Ta kalli Torkula, ta nuna masa shuɗin hannun. Abdulbaƙi ya juya baya ya kira direban tifa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ya shigo ranar Asabar ta sama.

Torkula bai buɗe akwatinsa ba ranar. Ya je ƙarƙashin mangwaro ya zube a ƙasa kusa da kujerar Alhaji, ya haɗa kai da gwiwa.

"Baba, ka yafe ni. Na ce maka ruwa yana jin magana na. Wannan ba ya ji. Ko akwai wani abu a ciki da ba na mutum ba, ban sani ba. Na gaji."

Ya yi shiru. Gajiya ce ta rufe masa baki, ba hikima ba, amma shirun ya yi rana.

"Torkula..."

Alhaji ya ja numfashi, ya ci gaba.

"Ruwa... ba ya... tsami... banza."

Torkula ya ɗago kai. Ya so ya taimaka masa da sauran maganar, amma ba shi da ƙarfi.

"Ciwona... gare shi. Kowa... da... maganinsa." Alhaji ya huta, ya haɗiye yawu, ya ɗaga yatsa ya nuna madafa. "Sabuwa... kanwa. Baho... guda."

Aka daɗe ana wannan zance. Mangwaro ya faɗo, akuya ta zo ta ɗauka ta tafi, Alhaji yana ta jerowa: tsamiya, gishiri, alif, zogale, gawayi, bula. Bai manta ko ɗaya ba, don ba shi da wani aiki sai kallo. Mai bula ne kawai ya rufa wa asiri. Da ya gama gumi ya jiƙa masa riga, amma fuskarsa ta saki kamar wanda aka sauke wa kaya. Tun da ya kwanta ciwo, ranar ce aka fara barinsa ya kai aya.

Torkula ya miƙe a hankali, ya tsaya tsakar gida, ya kwarara kira har 'yan haya suka fito.

"Mama! Kanwa? Baho ɗaya?"

Hajiya ta gyara ɗaurin kallabi. "To ba kai ka ce ya yi tsami ba? Ko ƙarya ka yi wa ruwan?"

"Ni ma da bakinka ka ce kanwa ta zarce," in ji Gwaggo Rabi'a. "Kuma sai da na tace."

"Ta tace!" Torkula ya ɗaga hannu sama. "Aondo! Ya Allah! To wa ya sa bula?"

Abdulbaƙi ya zura hannu a aljihu, amma ya makara, kowa ya riga ya ga gefen farcensa shuɗi. Hajiya ta kama baki. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne.

"Au, har da kai, mai tifa?"

Dariya ta ɓarke. Alhaji ma ya yi har da tari, aka ruga za a kawo masa ruwa, ya ɗaga hannu ya hana. Winifred kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta riƙe ƙugu ta dubi Hajiya.

"Mama, tsaya. Baba ma haka kuke yi masa a bayan ido na?"

Hajiya ta ce kamar tana jin ƙauri a madafa, ta wuce da sauri.

Gyaran gangar Auzinawa dai an riga an yi, ba abin yi sai a zubar a sake. Abdulbaƙi da kansa ya yi ta zirga-zirgar neman tankoki. Aka sake goge tayil, aka sake wanke yashi. Wannan karon Torkula juya wa jama'a baya yake yi in zai yi gwaji, ya rufe kwalbar da tafin hannu kamar mai ɓoye goro a taro. In Hajiya ta ce, "Injiniya, yau me ruwan ya ce?" sai ya ce, "Yana gaishe ki, Mama." Ya auna garinsa, ya auna kulorin, ya bar famfo yana juyi.

Aka kuma naɗa maigadi, wato Alhaji da kansa. Torkula ya rataya masa tsohon faranti a hannun kujera, ya ba shi cokali. Duk wanda ya doshi kwamin da ƙunshi a hannu sai ya ji ƙararrawa ta tashi, gida kaf a fito. Wani ɗan dubiya da aka kama da saiwa ya rantse ba ta ruwan ba ce, ta Alhaji ce. Alhaji ya ƙara bugawa da ƙarfi.

Ruwan da aka ƙyale sai ya fara warkewa. Hazonsa ya ragu, matakalar farko ta bayyana, ta ƙasa da ita ta biyo baya. Ranar Asabar da hantsi, gabas ta yi baƙi ƙirin, Winifred ta tsaya a baki ta leƙa. Tayil na ƙasa ya fito tar, har layin simintin da ke tsakaninsu ana gani. Torkula ya miƙa mata kwalba. Launin ya tsaya a tsakiya.

"Baba," ta ce, "cire riga."

A daidai lokacin aka ji ƙugin mota a ƙofar gida. Tifa ce maƙare da jar ƙasa. Cikin hidimar tankoki Abdulbaƙi ya manta bai hana direban ba. Direba ya leƙo yana tambayar ina ramin da za a cike, ba wanda ya kula shi.

Aka kai Alhaji bakin matakala da singileti da dogon wando, da hularsa da ya ƙi cirewa. Winifred ta shiga ta riƙe shi ta dama, Torkula ta hagu. Da ruwan ya taɓa ƙafarsa ya runtse ido yana salati, tsoron mutumin Adogi ya taso masa gaba ɗaya. Abdulbaƙi bai san lokacin da ya faɗa ruwan da kaftani da waya a aljihu ba. Ya tsaya gaban uban ya miƙa masa hannu biyu. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji.

"Baba, kana tsaye," in ji Winifred. "Duba. Ba mu ɗauke ka ba."

Alhaji ya buɗe ido ya dubi ƙasa. Ta cikin ruwan yana ganin ƙafafunsa biyu a kan tayil, mai lafiya da marar lafiya, kafe kusa da juna. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ta hagun ta ja kanta gaba kaɗan, ta taka. Ta dama ta biyo ta.

Hajiya Sabuwa ta durƙusa a bakin kwamin tana kuka ba kunya, hawaye na ɗiga cikin ruwan. Torkula ya dube ta, shi ma idonsa ya yi ja.

"Mama, abeg. Gishiri ya isa."

Aka yi dariya da hawaye a fuska. Direban tifa ya danna hon a waje. Alhaji ya ɗago kai.

"Abdul... baƙi. Tifar... nan..."

"Yanzu zan ce ta koma, Baba."

"A sallame shi ya tafi, ya cika mana kunne," in ji Hajiya.

"Sanyi yake ji, a fito da shi," in ji Gwaggo Rabi'a.

Torkula ya daki ruwa da tafin hannu. "A bar shi ya gama!"

Aka yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar famfo da iskar hadari a ganyen mangwaro. Muka tsaya muna jira, kuma wallahi jiran ya yi mana wuya, don ba mu saba ba.

"Kar... ta koma. A zuba... ƙasar... a ramukan... layi. Daga... ƙofa... zuwa... masallaci." Ya ja numfashi, ya ƙara damƙe hannun ɗansa. "Ta nan... zan... bi."

Abdulbaƙi ya gyaɗa kai. Kafin yayyafin farko ya sauka, 'yan haya da 'yan dubiya sun fito da shebur da kwanon sarki, kowa yana cike ramin da ke gabansa. Wannan karon ba wanda Alhaji ya buga wa faranti.